Wa zan sa a gaba cikin masu tara tsofaffin katunan 'yan wasa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shago nan Amurka da ake sayar da tsofaffin katunan 'yan wasan baseball, irin waɗanda a da ake cusawa cikin kwalin sigari ko cingam. Maigida ya ce in haɗo masa sunayen mutum biyar da suka fi tasiri a harkar, zai manna a bango. Na fara da Ken Kendrick, mai ƙungiyar Arizona Diamondbacks, tunda shi ya sayi shahararren katin tsohon ɗan wasa Honus Wagner a kan dala miliyan 2.8 a 2007. Daga nan na kakare. Da kuɗi ake auna tasirin ko da me? A taimaka.

Dattijon zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sauke Kendrick daga saman nan. Mai kuɗi ne ya ga abu mai kyau ya saya, shi ke nan. Na ɗaya Jefferson Burdick ne, mutumin Syracuse a jihar New York. Wannan T206 da kake ji ana kiran katin Wagner da shi, kamfanin tabar da ya buga katunan tsakanin 1909 da 1911 bai san da sunan ba. Burdick ne ya zauna ya rarraba katuna gida-gida, ya ba kowane rukuni harafi da lamba, T na taba, cikin kundin da ya fara fitarwa a 1939. Har yau da lambobinsa ake ciniki, har a shagonku. Kuma ba attajiri ba ne, ma'aikacin masana'anta ne mai fama da ciwon gaɓoɓi. Abin da ya tara, wajen guda dubu 300, kyauta ya ba gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, sannan ya bi kayan can ya dinga liƙa su cikin kundaye da hannunsa da ciwo ya lanƙwasa. Yana gamawa bai jima ba ya rasu, a 1963.

Ɗan gwanjo:
Na yarda da Baba a kan Burdick. Amma kada a raina masu kuɗi. Lokacin da Wayne Gretzky, gwarzon wasan hoki, da Bruce McNall suka biya dala 451,000 don sayen katin Wagner ɗin a gwanjon Sotheby's a 1991, a nan ne waɗanda ba ruwansu da baseball suka gane kati ma kadara ne. Kuma wannan katin ne na farko da PSA, kamfanin tantance ingancin katuna, ya ba maki, 8 cikin 10.

Dattijon zaure:
Ƙarasa labarin mana. Bill Mastro, dillalin da katin ya bi ta hannunsa, ya amsa a kotu a 2013 cewa ya datse gefunan katin don ya yi kyau, daga baya aka ɗaure shi kan maguɗin gwanjo. Katin da Kendrick ya saya ke nan.

'Yar Chicago:
Malam, a ganina ka fara raba mai tarawa da dillali, in ba haka ba jerin zai cakuɗe. Alan Rosen, wanda ake wa laƙabi da Mr. Mint, dillali ne. A 1986 ya sayo tarin katunan kamfanin Topps na 1952 a Massachusetts, sababbi fil. Ɗaya daga cikin na ɗan wasa Mickey Mantle ya sayar wa Anthony Giordano dala dubu 50 a 1991, Giordano ya riƙe shi shekara 31, aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022. Haƙurin Giordano abin yabo ne, amma bai canza yadda kowa ke harkar ba. James Beckett ya canza: littafin farashinsa na 1979 shi ya sa yaro ya san darajar abin da ke hannunsa kafin a yi masa wayo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Barry Halper fa? Maigida na yawan ambatonsa.

Ɗan gwanjo:
Sa shi, amma ka san abin da za ka rubuta ƙarƙashin sunan. Gwanjon kayansa a 1999 ya haura dala miliyan 20, sai dai an fi saninsa da tara riguna da sandunan wasa, ba katuna ba, kuma daga baya an gano wasu kayan da ya tara jabu ne, har da rigar da aka ce ta ɗan wasa Joe Jackson ce.

'Yar Chicago:
Ni da ni ce: Burdick, Beckett, Rosen, Gretzky da McNall a layi ɗaya, sai Halper. Kendrick ya jira jerin masu tsadar kaya. In maigidan naka ya dage sai masu tarawa zalla, cire Rosen ka mayar da Kendrick na biyar.