Dan Allah malaman jogirafi, da me kuke koyar da karatun taswira?

MalamarAji:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da jogirafi a sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne karatun taswira, musamman layukan kwanto (masu haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya a taswira) da sikeli (ma'aunin nisan takarda da na ƙasa). Yara za su haddace maka ma'anar komai tsaf, amma ka ajiye musu taswira a gabansu ka ce su nuna maka ina ne tudu ina ne kwari sai ka ga ido ya raina fata. Kayan aikin da nake da su gulob (ƙwallon taswirar duniya) ɗaya ne da taswirar duniya ta bango sai littafi, ba kwamfuta a ajin. Dan Allah masu ƙwarewa me kuke amfani da shi wanda yaro zai gani da idonsa ya gane? Ko na hannu ko na intanet duk ina so.

TsohonMalami:
Wa alaikumus salam Malama. Matsalar kwanto ita ce muna nuna wa yaro zane a shimfiɗe muna so ya hango tudu a cikin kansa, alhali bai taɓa ganin yadda tudun ya koma zane ba. To ki juya abin, ki fara da tudun. Ki samu yumɓu ki gina ɗan tsauni a cikin roba mai faɗi, gefe ɗaya ki yi shi a tsaye sosai ɗayan gefen kuma ya sauka a hankali, ki barshi ya ɗan sha iska. Sai ki zuba ruwa santimita ɗaya, yaro ɗaya ya zagaye bakin ruwan da tsinke a jikin yumɓun, ki ƙara wani santimita ɗaya wani yaron ya sake zagayewa, haka har ruwa ya kusa rufe kan. In kin zubar da ruwan ki ce kowa ya leƙa ta sama. Wallahi da kansu za su faɗa miki cewa inda layuka suka matse da juna nan ne gangare mai tsanani, inda suka ware kuma nan ne ƙasa ta kwanta, ba sai kin rubuta a allo ba. Ki tsaga ɗan kwari a gefe ɗaya tun wajen ginin, za su ga layin ya lanƙwasa kamar harafin V, tsininsa na kallon sama inda ruwa ke fitowa.

Sikeli kuma ki fitar da su waje da tef ko igiya mai ƙulli a kowace mita, su auna ajinsu da filin makaranta su zana a takarda, santimita ɗaya a madadin mita ɗaya, wato 1:100 ke nan. Wanda ya yi wannan da hannunsa in ya ga 1:50,000 ba zai tsorata ba, zai gane santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa.

Dan_Taswira:
Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ni dai zan ƙara ta ɓangaren intanet, don ko waya ɗaya gareki ta isa. Google Earth kyauta ne, kuma akwai wajen da yake nuna hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1984, ki nemo Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan su ga yadda ya yi ta ƙafewa shekara bayan shekara saboda an karkatar da kogunan da ke zuba a cikinsa zuwa gonakin auduga, darasi guda ke nan a kan ruwa da noma da muhalli. Yawancin tsofaffin hotunan nan na Landsat ne, shirin Amurka da aka fara a 1972, kuma tun 2008 aka saki hotunansa kyauta ga kowa. Akwai shafin taswira na OpenStreetMap da aka kafa a 2004, jama'a ne ke zana shi da kansu, kina iya buga yankin makarantarku a takarda ki raba wa yara su duba me aka saka me aka manta. In ɗaliban sun girma kuma an samu kwamfuta akwai QGIS na zana taswira a kwamfuta, shi ma ba a biyan ko sisi, amma gsky kar ki fara da shi, yana da ɗan wuya a farko.

Ummu_Ilimi:
'Yar uwa ni abin da nake so ki kula da shi wannan taswirar bangon ce. In irin ta Mercator ce, wadda aka ƙirƙira a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da ikweta, shi ya sa Girinlan ke fitowa kusan girman Afirka alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Abin nan yana ci min rai sosai don yara na girma da wannan hoton a kansu. Ki ajiye gulob ɗin kusa da ita su gwada da idonsu, sannan ki ba su takarda su yi ƙoƙarin naɗe ƙwallo da ita ba tare da ta tattare ba, daga nan za su fahimci dalilin da ya sa babu taswirar shimfiɗe da ba ta karkata wani abu. Ki kuma nuna musu taswirar da masanin jogirafi Al-Idrisi ya kammala a tsibirin Sisili a 1154, shi kudu ya sa a sama, yara na son wannan ƙwarai.

Gulob ɗin nan ma kar ki raina shi, ki rufe tagogi ki haska masa tocila, dare da rana da karkatar duniya ta digiri 23.5 da bambancin lokaci duk za su fito, digiri 15 awa ɗaya.

MalamarAji:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yumɓun nan zan fara da shi in sha Allah. Malam tambaya ɗaya, ajin nawa cike yake, ya zan yi kowa ya samu gani?

TsohonMalami:
Ki raba su rukuni rukuni Malama, kowane rukuni ya gina nasa tsaunin yadda yake so ya zana kwantonsa a takarda, sai ki rufe robobin ki musanya takardun tsakaninsu, kowane rukuni ya karanta zanen wasu ya gina irinsa da sabon yumɓu. In sun gama a buɗe na asalin a jera su a gwada. Ki ba abin darasi biyu don yumɓun ya samu bushewa kafin a zuba ruwa.