Waɗanda suka karanci Turanci a jami'a, ina kuka tsinci kanku?

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci. Kullum tambayar Baba ɗaya ce: "In kin gama, koyarwa ke nan?" Ni kuwa rubutu nake so. Yayyenmu da suka riga mu fita, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Baba bai yi kuskure ba, yawancinmu alli muka riƙe. Bayan bautar ƙasa na shiga wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. Sai na yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, na koma ta gwamnati. Amma abin da ke riƙe da gidana shi ne darasin yamma na yaran da ke shirin WAEC da NECO da JAMB. Babu mai samun gurbi a jami'a sai da kiredit a Turanci, don haka iyaye ba sa jin ƙyashin biya.

Anti mai fassara: 'Yata, ni Hausa ce ta ciyar da ni, Turancin ya zama ɗan rakiya. Na fara da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, ina mayar musu da saƙonnin rigakafi da na tsabtar ruwa zuwa Hausa. Ranar gwajin ɗaukar aiki mun cika ɗaki, kowa da digirinsa, amma da yawa suka zube saboda ba su iya rubuta Hausa ba. Ba sa bambanta k da ƙ, suna rubuta "ya ce" da "ta zo" a haɗe, wato "yace" da "tazo", jimlarsu kuma Turanci ce aka sa wa riga. Yanzu daga ɗakina nake aiki, ana biyana bisa yawan kalmomi, wani lokaci da dala. Wata na zuwa ya wuce shiru, wannan kam gaskiya ne. Tun kina makaranta ki leƙa sashen harsunan Najeriya, ki nemi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa ki zauna da shi. Abokan karatunki za su yi miki dariya, ki ƙyale su.

Ɗan ɗakin labarai: Na goyi bayan Anti. A gidan rediyon da nake, babu wanda ya taɓa tambayata sakamakon digiri. Edita takarda ya miƙo min ya ce in rage ta zuwa minti ɗaya kafin labaran ƙarfe bakwai.

Marubucin Tudun Wada: Tunda rubutu kike so, bari in ba ki ɓangarena. Na tara kuɗi na buga kundin waƙoƙi da kaina, har yau kwalaye na ƙarƙashin gado. Rubutun adabi bai taɓa biya min kuɗin haya ba, sai dai ya haɗa ni da mutane. Ki riƙa zuwa zaman karatu na reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, na jiharku; ƙungiyar tana nan tun 1981. A can aka yi wa labarina kaca-kaca, a can kuma na samu aikin gyaran littattafai da nake ci da shi. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth kyauta ake shiga. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, ƙofarki ce. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 kuwa sai da bugaggen littafi. Abubakar Adam Ibrahim da ya ci ta a 2016 aikin jarida ya karanta a Jos, kin ga takardar sashenmu ba ta ba mu wani fifiko a nan.

Malamin sakandare: Marubuci, kar ka sa yarinya ta raina aji. Ni ma ina rubutu da hutun zango, kuma ba na fargabar ƙarshen wata.

Ɗalibar aji huɗu: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Anti, aikin fassarar farko ta yaya kika same shi, tunda kowa cewa yake sai mai gogewa?

Anti mai fassara: Kyauta na yi shi. Takardar wayar da kai ce ta wani asibitin unguwa, shafi biyu. Ita na riƙa nunawa a matsayin samfuri har aka fara biyana.