Shin dokar aiki ta san da yaron shago?

Baban Hadiza: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya a wurin ɗaurin aure har aka taso mini, ita zan maimaita a nan: dokar aiki ta Nijar an yi ta ne domin masu zama ofis, ba ta san da yaron shago ko mai gadi ba. Ku zagaya babbar kasuwar Maraɗi ku nuna mini yaro ɗaya da ya taɓa sa hannu a kwantiragi.

Maman Sadiku: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, amma zancen a juye yake. Doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012 ba ta hau kan ma'aikatan gwamnati na dindindin ba, domin su suna da tasu dokar daban. Wanda take nufi shi ne duk mutumin da ke aiki a ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, ko an rubuta takarda ko da baki aka shirya. Ta tsaida awa 40 na aiki a mako, da hutun awa 24 a jere kowane mako, da kwana biyu da rabi na hutu a kan kowane watan aiki, mace mai ciki kuma tana da mako 14 na haihuwa. A shekarar 2012 ɗin aka yanke cewa albashi kada ya gaza sefa 30,047 a wata, alhali na san masu gadi a unguwarmu da ke kwana a ƙofar gida kan jika goma sha biyar, wato sefa 15,000.

Kawu Tela: Malama, kin kawo lissafi mai kyau, sai dai kin bar abin da muka gada. Yaron da ke hannuna a gidana yake ci, ni ke kai shi likita, ni ke yi masa kayan salla, in ya isa aure ni zan tsaya masa, ranar sallama kuma in ba shi keken ɗinki da jari. Idan aka tilasta mini albashin wata da kuɗin CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata, yara huɗu da nake riƙe da su sai na mai da uku ƙauye.

Maman Sadiku: Kawu, Allah ya saka maka, amma wannan alherin a zuciyarka yake zaune, ba a hannun yaron ba. Ɗan yayata ya yi shekara tara yana yi wa wani attajiri jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, kullum ana ce masa sallama na nan tafe. Attajirin ya rasu, magada suka raba dukiya, shi kuwa ya fito da ciwon baya da jakar tufafinsa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin babu wanda ya yi masa ƙarya, alkawarin ne aka binne tare da mai shi.

Baban Hadiza: To, ai kin dawo kan maganata. Ina dokar take a ranar?

Baban Ila: Yaya, tana nan, ba a je gare ta ba ne. Na yi shekaru a sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, na ga yadda ake yi: ma'aikaci ya kai kuka ofishin sufeton aiki, a kira ubangidan a nemi sulhu, in ya gagara sai a wuce kotu. Abin da ke tare hanya shi ne shaida da kunya. Wanda ake miƙa wa kuɗi a hannu ba takardar albashi, da me zai tabbatar da shekarunsa? Kuma a garin nan duk wanda ya kai ƙarar ubangidansa sai a kira shi butulu, ya rasa mai ɗaukarsa aiki daga unguwar Zariya har Sabon Gari. Kawu kuma, ɗan koyo yana da nasa tsarin a dokar, ba a haɗa shi da ƙwararren ma'aikaci ba, amma wanda ya iya ɗinki yana kawo maka kuɗi ya wuce ɗan koyo.

Kawu Tela: Biyu daga cikin yarana sun iya ɗinki, wannan ba zan musa ba. Ƙanena Baban Ila, ka biyo ta shago ranar Asabar bayan la'asar ka nuna mini yadda ake rubuta alkawarin sallamar da shaidu, amma batun CNSS ban yarda ba tukuna.