Neman shawara: sabuwar RV ko ta hannu, tunda a cikinta za mu zauna bayan ritaya?

Baban Hanifa, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar mota a Amurka. In Allah ya kai mu ƙarshen shekara zan ajiye aiki, shekaruna 66. Yara duk sun watse: babbar tana aure a Houston, mai bi mata yana aiki a Maryland, autan yana Minneapolis. Gidan ya yi mana girma ni da Hajiya, ga haraji, ga kwasar dusar ƙanƙara duk hunturu, gwiwa kuma ta fara magana. Shi ne muka yanke mu sayar, mu sayi RV, motar nan mai ɗaki da kicin da bayi a ciki, mu riƙa bin jikoki. Lokacin sanyi Texas, lokacin zafi arewa, mu kuma leƙa gida Najeriya wata biyu ko uku duk shekara.

Na ga guda biyu, duka Class C, wato irin mai gado a saman kan direba, tsawon ƙafa 30. Sabuwa dal a wurin dila dala 118,000. Ta hannu ƙirar 2018, ta yi mil 41,000, mai ita yana neman dala 58,000. Abin da na ware wa mota dala 75,000 ne. Dila ya ce in ba da su, sauran in biya cikin shekara 15. Hajiya sabuwa take so, ta ce ba za ta kwana inda karen wani ya kwana ba. Ni kuma zuciyata ta kasu biyu. Me kuka gani?

Alhaji Mai Tirela, Indianapolis:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Ni hanyata ce Elkhart, can arewacin jiharmu Indiana, inda ake ƙera mafi yawan RV ɗin ƙasar nan, to bari in faɗa maka abin da dila ba zai faɗa ba. Kar ka auna ta da sabuwar Toyota. Injin da ƙashin motar daga kamfanin mota suke zuwa, galibi Ford, wannan ba shi da matsala. Ɗakin da aka ɗora a kai kuwa da hannu ake haɗa shi, cikin gaggawa, da katako mara nauyi da gam da ƙusoshi. Sannan ka ɗauki wannan ɗakin ka riƙa jijjiga shi a titi mil 65 a awa. Dole a shekarar farko wani abu ya kwance: ƙofar kabad, famfo, wayar firij, ɓangaren nan da ke turowa waje ya faɗaɗa falo.

Za ka ce ai akwai garanti. Akwai, yawanci na shekara ɗaya a kan ɗakin. Amma gyaran garanti layi ake bi a garejin dila, ana jiran kayan gyara sati da sati. Wanda ke fita hutu da ita sau uku a shekara ba ruwansa. Kai fa gidanka ne ke gareji, ina za ku kwana? Kuma ka karɓi takardar garantin ka karanta da kanka, don kamfanoni da yawa sun rubuta cewa ba su ɗauki nauyin wanda ya mai da ita gidan zama na dindindin ba. Ta hannun da mai ita ya kula da ita, shi ya riga ya sha wannan wahalar, shi kuma ya ɗauki faɗuwar farashin shekarun farko, wadda ita ce mafi zafi.

Abu ɗaya: shekarar 2021 an fitar da RV sama da 600,000, ba a taɓa yin haka ba, saboda korona ta sa kowa yana so. Masu gyara da yawa suna ƙorafin aikin wannan lokacin. Ta 2018 ɗinka ta riga wannan rububin.

Malam na Greensboro:
Baban Hanifa, ni ban san inji ba, lissafi kawai zan yi maka. Ragowar da dila ke cewa dala 43,000 ne. A ce kuɗin ruwan kashi 8 ne cikin ɗari, shekara 15: kusan dala 411 duk wata, jimilla wajen dala 74,000. Wato dala 31,000 ruwa ne zalla, kuma ranar da za ka gama biya kana da shekara 81. Ka san hukuncin riba, ba sai na ja maka aya ba. Mutum ya yi ta kaffa-kaffa shekara da shekaru, sai da furfura ta cika kai zai sa hannu a wannan saboda ƙamshin sabuwar kujera? Abin da kuɗin hannunka ya isa, shi ne naka.

Maman Sadiq:
Ku maza duk kun tsallake maganar Hajiya. Baba, gaskiyarta ce, yawancin masu RV da karnukansu suke yawo. Sai dai wannan mai sauƙi ne: a fitar da katifa, a cire kafet a shimfiɗa leda, a sake yadin kujeru, a wanke ko'ina yadda addini ya ce. Ba zai kai ko kusa da dala 60,000 da ke tsakanin motocin biyu ba.

Abin da nake ji mata ba shi ne wannan ba. Ta taɓa shiga kicin ɗin ta tsaya? Murhu ƙarami, wurin yanka albasa bai fi faranti ba, tukunyar tuwonta ma ban ce za ta zauna a kai ba. In ta soya manja da daddawa, har filon da za ku kwana a kai sai ya ɗauka. Ruwa kuma a tanki yake, wajen galan 40 zuwa 50 a irin wannan girman, ga alwala sau biyar ta mutum biyu, ga wanka, ga wanke-wanke, ga buta a bayi. Tankin bayin kuma ku za ku riƙa jan tiyo kuna zubarwa da hannunku. Sannan atamfofinta da kwanukanta na shekara talatin, ina za su?

Don Allah kafin ku sa gida a kasuwa ku yi hayar irinta ko ta sati uku ce, a Cruise America ko Outdoorsy, ku je Houston ku dawo. In kun dawo kuna gaisawa, to a ci gaba da magana.

Injiniya, Houston:
Baba, Allah ya ƙara girma. Aikina ke nan, kuma ina tare da masu cewa ta hannu, da sharaɗi. Mil 41,000 ba komai ba ne a wurin wannan injin. Abin da ke kashe RV ruwa ne. Rufinta galibi roba ce, duk inda aka huda aka sa AC ko tagar sama an toshe ne da gam, gam ɗin kuma yana tsagewa da rana. Ruwa ya shiga bango, ya ci katako a ɓoye shekara biyu ba ka gani ba.

In ka je dubawa, fara da hanci: kana buɗe ƙofa ka ji warin rima, ko ka ji an fesa turare ya yi yawa, ka yi sallama. Taka ko'ina a ƙasa, musamman gaban bayi da bakin ƙofa, ka ji ko yana lotsawa. A Class C wurin da ya fi yoyo shi ne gadon nan da ke saman direba, ɗaga katifar ka danna kusurwoyin da yatsa. Fito waje ka tsaya a gefe ka kalli bangon ta tsawonsa, in ka ga ya kumbura kamar ƙulli, fatar ta rabu da katako ke nan, gyaran ya fi ƙarfin aljihu.

Taya kar ka duba zanenta, duba shekarunta. A jikin tayar, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2317 na nufin sati na 23 na shekarar 2017. Ta wuce shekara shida ko bakwai a sauya, ko da tana sheƙi, kuma guda shida ne. A tada janareta a kunna AC a kai, a kunna firij tun daren jiya. Ka bincika tarihin motar da lambar VIN, wato lambar shaidarta, domin bayan guguwar Harvey a 2017 motocin da ruwa ya shanye sun bazu ko'ina. Daga ƙarshe ka biya mai duba RV mai takardar NRVIA, ƙungiyar masu duba RV, wanda ba yaron mai sayarwa ba. Mai ita ya ƙi yarda a duba, ya ba ka amsa ke nan. Dala 17,000 da za su rage maka kuma kar a taɓa su, na gyara ne.

Baban Twins, Dallas:
To ni dai sabuwa na saya, kuma ban yi da-na-sani ba. Araha ba ta ado. Mutum mai shekara 66 da ciwon gwiwa, shi za a ce ya riƙa hawa rufi? Kuma wa ya ce 118,000 ɗin nan ita ce magana ta ƙarshe? Farashin da ke manne a gilashi na ciniki ne, ana ragewa sosai, musamman a baje kolin Hershey na Satumba ko na Tampa a Janairu, ko in ƙirar bara ta kwana a filin dila. Sannan wuraren ajiye RV masu kyau da dama suna da dokar shekara goma, wato ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma, ta 2018 kuwa za ta cika goma a 2028.

Injiniya, Houston:
Yaya, sabuwar ma sai an hau rufinta, garantin kansa ya ce a riƙa duba gam ɗin. Dokar shekara goma kuma yawancinsu hoto suke cewa a turo, in motar tsaf take su karɓa.

Anti Nas, Baltimore:
Baba, nawa ba na mota ba ne. In Medicare Advantage kake da shi, wato inshorar lafiyar dattawa ta hannun kamfani, ka tambaya da kyau, domin da yawansu likitocin yankinka kawai suka sani, sai dai taimakon gaggawa. Mai yawo jiha-jiha ya fi samun sauƙi da Medicare na asali. Kar kuma a zuga ka ka kwashi kuɗi mai yawa lokaci guda daga 401(k), asusun ajiyar ritayarka, don cike na sabuwa: haraji zai hau kai, yana kuma iya ɗaga abin da kake biya na Medicare bayan shekara biyu. Kana buƙatar adireshi na hukuma bayan sayar da gida. Masu wannan rayuwar sun fi zaɓar Texas, Florida ko South Dakota saboda ba su da harajin kuɗin shiga na jiha, kai kuwa ga 'yarka a Houston. Inshora ka gaya musu gaskiya cewa zama za ka yi a ciki, tsarinsa daban ne. Ka kuma sayi katin dattawa na gandun dajin tarayya, dala 80 har ƙarshen rai ga wanda ya kai 62, yana rage rabin kuɗin kwana a wurare da yawa.

Baban Hanifa, Columbus:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, magana ta shiga, bashi ya fita daga lissafi. Hajiya ta karanta na Maman Sadiq ta yi dariya, ta ce a yi hayar tukuna, kuma da tukunyarta za ta tafi. Injiniya, saura tambaya ɗaya: watannin da za mu yi a Najeriya, a ƙofar gidan autan zan bar ta ko yaya?

Injiniya, Houston:
A Minneapolis? A'a Baba, in lokacin sanyi ne ruwan da ya rage a bututu zai daskare ya fasa su, sai an tsiyaye shi tas an zuba maganin daskarewa na RV, mai ruwan hoda ɗin nan, ba na inji ba. Unguwanni da yawa ma ba sa barin a ajiye ta a ƙofar gida. Ka kawo ta nan Houston ka kama wurin ajiya mai rumfa, a cire batir, a rufe gas, a bar ƙofar firij a buɗe, surukinka ya riƙa leƙawa duk wata yana mayar da batir ya tada inji da janareta. Turo min hotunan rufin ta 2018 ɗin da na tayoyin kafin ka ba da ko sisi.