Mastas a tarihin Sin na zamanin daular Tang, ta ina zan kama?

BintaTarihi:

Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Na yi digirin farko a tarihi, yanzu ina shekarar koyon Sinanci a nan Sin kafin in shiga mastas, kuma inda raina ya kwanta shi ne daular Tang, 618 zuwa 907. To malamin da zai duba ni ya turo min jerin abin da zan karanta kafin a fara siminar, wallahi da na buɗe sai jikina ya yi sanyi, babu littafi ko ɗaya da ya ɗauko labarin daular daga farko ya kai ƙarshe, duk rubutun malaman zamani ne wane yana mayar wa wane martani, kusan rabi 'yan Japan, wasu kuma sun yi rubutun tun kakana bai yi aure ba. Ni da na zaci sarakuna da yaƙe-yaƙe zan zauna in karanta.

Me ya kawo 'yan Japan cikin tarihin Sin har haka? Dole ne sai na koyi Japananci? Sannan ina da Larabci daidai gwargwado, akwai inda zai min amfani ko in manta da shi kawai?

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam Malama Binta, Allah ya ba da sa'a. Malaminki bai yi kuskure ba. Labarin sarakuna ai an ɗauka kin sani ko za ki karanta da kanki a ɗaki, abin da ake so a wannan matakin shi ne ki san gardamar da ake yi. Kamar ki shigo zaure ne ki tarar da dattawa suna musu tun hantsi, in ba ki san wa ya fara cewa me ba, duk abin da kika tsoma baki kika faɗa an riga an faɗe shi.

Musun kuwa a Kyoto aka kunna shi. Wani malami Naito Konan, wanda ya fara da aikin jarida kafin ya koma jami'a, ya fitar da wata gajeriyar maƙala a 1922 yana cewa tsakanin ƙarshen Tang da farkon daular Song (960) ƙasar Sin ta juya gaba ɗaya. Kafin nan manyan gidaje masu asali ne ke riƙe da gwamnati, sarki ma kusan ɗaya ne daga cikinsu, bayan nan gidajen suka ɓace, sarki ya zama shi kaɗai a sama, ma'aikata suka koma fitowa ta hanyar jarabawa, kuɗi da kasuwa suka buɗe. Shi a wajensa zamanin tsakiya ya ƙare da Tang, Song kuma farkon sabon zamani ne. Ɗalibinsa Miyazaki Ichisada ya ƙara faɗaɗa maganar. Bayan yaƙin duniya na biyu sai malaman Tokyo masu bin tsarin Markisanci suka ce sam, Tang ƙarshen tsohon zamani ne, a Song ma zamanin tsakiya ya fara, hujjarsu ita ce manoman da ke noma gonakin masu ƙasa a Song ba su da 'yanci. An kwashe shekaru ana wannan, kuma a garin neman hujja ne suka tone takardun haraji da na filaye ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kika gansu sun cika miki takarda.

A ɓangaren Sinawa kar ki kuskura ki tsallake Chen Yinke (1890 zuwa 1969). Shi ne ya ce gidajen sarautar Tang da Sui, daular da ta gabace ta, sun fito ne daga wani rukunin sojojin arewa maso yamma, yankin Guanlong, inda Sinawa da Xianbei, wata ƙabilar makiyayan arewa, suka cakuɗa ta aure. An soke shi sosai, musamman inda ya ce sarauniya Wu Zetian ta yi amfani da jarabawa ta karya wannan rukunin, amma har yau duk mai rubutu sai ya tsaya ya gaishe shi kafin ya wuce. A Turanci kuma ki fara da Denis Twitchett, littafinsa na 1963 kan kuɗin gwamnatin Tang busasshe ne ba daɗin karatu, sai dai in kika daure kika gama za ki gane me ya sa garambawul ɗin haraji na 780 ya fi yaƙi goma muhimmanci.

Zee_Wuhan:

Sannu 'yar'uwa, ni ma ina nan Sin, shekarar ƙarshe. Malam ya yi bayani mai kyau amma ni dai a ganina maganar Japananci ki ajiye ta tukuna, kar ki ɗora wa kanki kaya biyu. Yawancin manyan maƙalun 'yan Japan ɗin an fassara su zuwa Sinanci tuntuni, na Tanigawa Michio ma akwai da Turanci tun 1985. In za ki zarce dakta to nan kam babu makawa, jami'o'in Amurka da yawa sharaɗi ne.

Abin da zai kayar da ke shi ne tsohon Sinancin rubutu. HSK ɗin nan, jarabawar Sinancin zamani, da muke ta fama da shi na sayen tumatir ne da sauraron lakca, ba zai karanta miki layi biyu na tarihin Tang ba, nahawun daban, kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana huɗu, asalin rubutun kuma babu aya babu waƙafi sai wanda editocin zamani suka saka. Ki fara yanzu yanzu ko da rabin awa ne kullum, akwai littafin koyo na Paul Rouzer da ƙamus ɗin Paul Kroll, sai na Hucker na sunayen muƙamai dan muƙaman nan su kaɗai sun isa su sa mutum kuka. Littafin jagora na Endymion Wilkinson kuma ki ajiye shi kusa, duk abin da ya shige miki duhu na kwanan wata ko ma'auni ko sunan gari nan za ki fara dubawa.

Wani abu kuma da ba wanda zai gaya miki, tsofaffin littattafan Turanci da tsohon salon rubuta suna suke, T'ang shi ne Tang, Sung shi ne Song, Ssu-ma Kuang shi ne Sima Guang, mutum ɗaya ne kar ki buɗe masa fayil biyu.

AbuSafwan:

Malama ki manta da Larabci?? Haba. Ai shi ne abin da kike da shi wanda 'yan ajinki ba su da shi. Tang da Abbasiyawa zamani ɗaya suka yi, har sun gwabza yaƙi a Talas, can Asiya ta Tsakiya, a 751. Cikin waɗanda aka kama a yaƙin akwai wani Basine Du Huan, ya yi shekaru a ƙasashen Musulmi ya dawo ta jirgin ruwa a 762, ya rubuta abin da ya gani, littafin ya ɓata amma ɗan'uwansa Du You ya kwafi wasu sassa a kundinsa. Ta ɓangarenmu akwai Akhbarus Sin wal Hind na shekarar 851, sannan Abu Zaid as-Sirafi ya yi masa ƙari inda ya ba da labarin yadda ɗan tawaye Huang Chao ya ci Khanfu, wato Guangzhou, ya ce an kashe baƙi 120,000, Musulmi da Yahudu da Kirista da Majusu. Mas'udi ma 200,000 ya ce. Sannan ga jirgin da aka gano a tekun Belitung na Indonesiya a 1998, ƙirar Larabawa, maƙare da tangaran ɗin Sin wajen 60,000, akwai kwano ɗaya mai kwanan wata na 826. Wannan duk bai isa kundin mastas ba?

BintaTarihi:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya Zee wallahi maganar T'ang da Sung ɗin nan ta taimake ni. Malam AbuSafwan ka sa min kwaɗayi gaskiya, har na fara tunanin in yi a kan kisan Guangzhou ɗin. Malam Baban Khalifa ya kake gani? Sannan su waɗannan manyan gidajen da Naito ya ce sun ɓace, a ƙarshe an gano me ya cinye su ko har yanzu musun ake?

Baban_Khalifa:

Bari in fara da ta biyun don ita ce za ta nuna miki yadda harkar ke tafiya. Da can amsar da kowa ke bayarwa ita ce jarabawa ce ta kashe su sannu a hankali, ko kuma tawayen janar An Lushan na 755 zuwa 763. David Johnson a 1977 da Patricia Ebrey a 1978 suka bi gidajen da kyau, ita Ebrey gida ɗaya tak ta ɗauka, Cui na Boling, ta bi shi ɗaruruwan shekaru, aka ga ƙarfinsu ya koma dogaro da muƙamin gwamnati ya bar gonakin garinsu na asali. Sai a 2014 Nicolas Tackett ya zo da wata hanya, ya tara dubban rubutun duwatsun kabari, irin waɗanda ake binnewa tare da mamaci ɗauke da nasabarsa da muƙamansa da gidan da ya yi aure, ya zuba su a kwamfuta ya zana taswirar wa ya auri 'yar wa. Abin da ya samu shi ne gidajen nan ba su raunana ba ko kaɗan bayan An Lushan, jarabawar ma su suka fi cin ta, dama a Tang masu cin babbar jarabawar ba su wuce 20 zuwa 30 a shekara ba. Matsalarsu ita ce duk sun tattare a manyan biranen daular biyu, Chang'an da Luoyang, da hanyar da ke tsakani, da Huang Chao ya shigo a 880 aka shiga shekarun kashe-kashe sai aka same su wuri ɗaya. Wato a wajensa takobi ne ya gama da su. Ba kowa ya yarda ba, akwai masu cewa raguwar duwatsun kabari bayan 880 na iya nufin an daina sassaƙawa ne saboda rikici, ba lallai mutanen sun ƙare ba. Ni dai na fi karkata ga Tackett amma da ɗan dama-dama.

A ɓangaren Song kuma Robert Hartwell a 1982 da ɗalibinsa Robert Hymes a 1986 sun ce babban sauyin ma sai bayan 1127 da fadar Song ta koma kudu ya zo, lokacin da masu ilimi suka mayar da hankali kan garuruwansu maimakon fada. Beverly Bossler ta zo a 1998 ta ce a yi hattara, wani ɓangare na wannan sauyin daga irin takardun da suka tsira ne kawai. Tarin sunayen da Hartwell ya bari shi ya zama CBDB, rumbun bayanan rayuwar mutanen tarihin Sin, da Harvard da Academia Sinica da Jami'ar Peking ke riƙe da shi, kyauta ne a intanet, ki shiga ki yi wasa da shi.

To maganar Guangzhou. Malam AbuSafwan ya yi gaskiya Larabcinki jari ne, amma ka yi haƙuri ɗan'uwa, ka sauƙaƙa abin da yawa. Sassan Larabcin da suka yi magana kan Sin ba su da yawa, kuma an fassara su zuwa Faransanci da Turanci da Sinanci tuntuni, Hyunhee Park ta yi littafi a 2012, John Chaffee ya yi a 2018 kan 'yan kasuwa Musulmi a Sin. In kika je da Abu Zaid kaɗai za a tambaye ki me takardun Sinawa suka ce, su kuwa sun ambaci cin garin a 879 amma ba su kawo wannan lissafin baƙin ba. Shi kansa Abu Zaid bai taɓa zuwa Sin ba, daga bakin 'yan kasuwa ya ji. Lambobin zamanin nan dama sai a hankali, ƙidayar 755 ta nuna mutum sama da miliyan 50, ta 764 ƙasa da miliyan 17, kuma yawancin malamai suna ganin rajistar gwamnati ce ta rushe, ba wai duk waɗannan sun mutu ba. Tarihin Tang ɗin ma guda biyu ne, tsohon na 945 da sabon na 1060 wanda Ouyang Xiu da Song Qi suka sake rubutawa, kuma sukan saɓa a kan abu ɗaya.

In da ni ne ke, sai in tambayi me ya sa marubutan fada suka ga kisan baƙin Guangzhou na 879 bai kai a rubuta ba, in haɗa da farmakin da Larabawa da Farisawa suka kai Guangzhou a 758 da kisan baƙi na Yangzhou a 760, waɗanda su kam suna cikin tarihin Sinawan. Wannan tambaya ce da sai mai harsunan biyu.

Zee_Wuhan:

Malam ya gama magana. Binta ki dai tuntuɓi malaminki tun yanzu kafin ki ƙwallafa rai, wasu sassan ba su da mai iya duba Larabcin, sai sun nemo wani daga sashen harsuna kuma hakan kan ja lokaci. In Dunhuang, garin da aka gano tarin tsofaffin takardu a kogo, na cikin jerin naki ki fara da laccoci 18 na Rong Xinjiang, hotunan takardun kuma da yawa suna shafin aikin Dunhuang na laburaren Birtaniya. Ki turo min jerin ta inbok in nuna miki waɗanda ke da fassarar Sinanci.

AbuSafwan:

Na karɓi gyara Malam, amma ni fa har yanzu ina nan kan bakana, fassarar Bature daban, ta karanta Larabcin da idonta daban. Malama in kin samu bugun littafin Abu Zaid ɗin mai Larabci da Turanci gefe da gefe ki gwada shafi biyar ki gani.