Shin rushe gidajen bakin Odaw zai hana ambaliya a Accra?

Alhaji daga Sabon Zango: Assalamu alaikum. Damina ta ƙarato, kuma ina nan a kan bakana cewa muddin hukumar birni ba ta kwashe gine-ginen da ke bakin kogin Odaw da tafkin Korle ba, musamman na unguwar marasa galihu ta Old Fadama, ambaliya ba za ta rabu da mu ba. Ruwan da ya ratso unguwannin Achimota da Alajo da Circle (shataletalen Kwame Nkrumah) ba shi da mafita zuwa teku sai ta Korle, kuma a nan ne aka cike gaɓa da shara da diddigar katako aka kafa ɗakuna. Duk wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka fiye da 150, ba zai nemi a yi sassauci ba.

Malama daga Mamobi: Wa alaikumus salam. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma maganin da kake nema an riga an gwada shi. A cikin watan Yunin 2015 ɗin nan hukumar birni ta rushe wani ɓangare na Old Fadama, dubban mutane suka kwana a fili, sannan a 2021 aka tashi masu gwangwan na Agbogbloshie da ke maƙwabtaka da Old Fadama, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Duk da haka, ruwa bai daina cika Circle da Alajo ba. Ledar ruwa da robobin da ke toshe bakin Korle, da yawansu daga gwatar unguwanninmu suke gangarowa, domin babbar gwatar Nima ma cikin Odaw take zuba, kuma kowa ya san yadda ake jiran hadari ya haɗo a juye bola a ciki.

Wani ɗalibin aikin injiniya daga Nima: Iyayena, ina neman izini in ƙara wani abu. Daga Circle zuwa teku ƙasa kusan a shimfiɗe take, saboda haka ruwa yana rage gudu, yashi da laka da ya ɗebo daga wuraren gini da hanyoyin da ba kwalta sai su kwanta, cikin kogin ya cike. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya zo daidai da lokacin da teku ya cika, sai teku ya tare bakin tafkin, ruwa ya koma baya. A can sama kuma an shafe filaye da siminti, ƙasar da a da take shanye ruwa yanzu tana turo shi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Shi ya sa shirin kare Accra daga ambaliya mai suna GARID, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 200 a 2019, ya haɗa yashe kogin da gina tafkunan tare ruwa a sama da gyaran harkar shara. Sai dai ina tare da Baba a abu ɗaya: motar yashe kogi ba ta iya aiki idan ba a bar mata hanya a gaɓa ba.

Hajiya mai sayar da doya a Agbogbloshie: Ɗana, hanyar mota daban, korar unguwa guda daban. Da yawan mazauna Old Fadama 'yan Arewacin Ghana ne da suka taho bayan rikicin ƙabilun Konkomba da Nanumba na 1994, da 'yan mata masu kaya da ke ɗaukar mana lodi a kasuwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, masu kuɗi sun cike fadamar Sakumono da manyan gidaje alhali wuri ne da yarjejeniyar duniya ta kiyaye fadamu, wato Ramsar, ta kare, amma idan ana maganar ambaliya ɗakin katakon talaka ake fara nunawa.

Alhaji daga Sabon Zango: Hajiya, na Sakumono ma a rushe su, ban ware kowa ba. Ban janye maganata ba game da ɗakunan da ke kan gaɓa, domin masu su ne ruwa ke fara ci da dare.

Malama daga Mamobi: To Baba, sai a faɗa mana inda za a kai su kafin katafila ta iso, domin waɗanda aka tasa a 2015 ba tare da matsuguni ba, da yawansu komawa suka yi suka sake kafa ɗakuna a bakin ruwan.