Wai Ƙwarƙwara ce Ta Rusa Daular Usmaniyya ta Turkiyya?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, kuma a kanta na tsaya. Lalacewar Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga ɗakin mace ɗaya ta faro, wato Hurrem, ƙwarƙwarar Sarki Sulaiman. Baiwa ce da aka kamo daga yankin da yake cikin Yukren a yau. Ta shiga gida ta mallake sarki, ta sa ya kashe ɗansa Mustafa a 1553, jarumin da sojoji ke ƙauna, don ɗanta Salim ya gaji sarauta. Shi kuwa Salim da shan giya aka san shi. Tun daga nan daula ta kama gangara.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, a wace shekara daular ta faɗi?

Ɗan Auta: 1922, Hajiya.

Hajiya Babba: To, Hurrem ta rasu a 1558. Shekara 364 ke nan a tsakani. Bayan mutuwarta sun ci tsibirin Kubrus a 1571, a zamanin shi Salim ɗin da ka raina. Sun gama cin tsibirin Kirit a 1669, har sun sake kewaye birnin Biyana a 1683. Sarakuna da wazirai maza nawa suka wuce a wannan tsawon lokaci? Duk ka tsallake su ka ɗora wa mace ɗaya kayan.

Mai Shago: Hajiya, a yi haƙuri, amma ni ina bayan Auta. Kafin ita, gidan yana da tsari. Ƙwarƙwara in ta haifi ɗa namiji ɗaya, sarki ba ya sake kusantarta. In ɗan ya girma aka ba shi lardi, sai ta bi shi can. Ita ce ta karya wannan duka. Ta haifi maza har biyar da mace ɗaya, ta zauna daram a Santambul, sannan sarki ya 'yanta ta ya ɗaura mata aure, abin da sarakunan gidan suka daɗe ba su yi ba. In ba asiri ba, mene ne wannan?

Baba Malam: Ɗana Mai Shago, mu yi hattara da kalmar asiri. Jakadan Ostiriya mai suna Busbecq ya rubuta zancen sihirin nan, amma abin da ake yaɗawa a gari ya kwaso. Bai taɓa shiga cikin gidan ba, babu baƙon namijin da ke shiga. Sannan mutum ya 'yanta baiwarsa ya aure ta, shari'a ba ta hana ba, lada ma ake samu. Kuma ba a kanta aka fara ba. Khaizuran, mahaifiyar Haruna Rashid, baiwa ce, Halifa Mahdi ya 'yanta ta ya aure ta. Mafi yawan halifofin Abbasiyawa 'ya'yan saɗaku ne. Ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, gadonsa ɗaya da na ɗan matar aure, kamar yadda muka sani a gidajen sarautar ƙasar nan.

Ɗan Auta: Na ji, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu ajiye aure da asiri. Jinin Mustafa fa? Babban waziri Rustum Fasha surukinta ne, shi ke auren 'yarta Mihrimah. Ana kashe Mustafa sojoji suka harzuƙa, dole sarki ya tuɓe Rustum a nan take. Bayan shekara biyu, a 1555, aka maido shi kan kujerarsa. Wa ya maido shi in ba ita ba?

Malamar Tarihi: A nan kam ka taɓo wuri mai nauyi, ƙanena, ba zan ce hannunta fes yake ba. Mutanen zamanin da yawa sun zarge ta ita da Rustum, har mawaƙan da suka yi wa Mustafa makoki sun yi nuni da makirci. Ita da 'ya'yanta ne suka ci ribar mutuwarsa, wannan a fili yake.

Amma ina so mu dubi gidan da take ciki. A wancan lokacin babu ƙa'idar cewa babban ɗa ne magaji. Wanda ya riga kama gadon sarauta shi ne sarki, kuma dokar da aka jingina wa Sarki Muhammadu, wanda ya ci Santambul a 1453, ta ba shi damar kashe 'yan uwansa maza don gudun fitina. Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A 1595 Muhammadu na Uku ya hau, ya sa aka kashe 'yan uwansa 19. Yanzu ka saka kanka a matsayin Hurrem. Mustafa ɗan kishiyarta ne, Mahidevran. Ranar da ya hau, ta san me zai sami 'ya'yanta, Salim da Bayazid da Jihangir. Mahidevran ma tsoron da take kwana da shi ke nan a kan nata ɗan. Wannan ya wuce kishin da muka sani na rabon kwana da tukunya, rayukan 'ya'ya ake magana. Wanda ya kafa dokar nan ba mace ba ce.

Uwar Biyu: Wallahi Malama kin faɗi abin da ke raina. Wace uwa ce za ta naɗe hannu tana kallo? Kuma abin da ke ba ni takaici, kowa ya san zancen Mustafa, amma ba a ambaton abin da ta gina. Ta yi masallaci da makaranta da asibiti a Santambul. A birnin Ƙudus ta kafa gidan ciyarwa a 1552, ɗaruruwan mabuƙata suna cin abinci a ciki kullum safe da yamma.

Mai Shago: Yaya, gina asibiti ba ya wanke jini.

Uwar Biyu: Ban ce yana wankewa ba. Cewa na yi in za a auna mutum, a sa duka a sikeli.

Baba Malam: Akwai wanda kuka bari a baya, shi ne Sulaiman kansa. Mutumin da ya yi shekara 46 yana mulki, daga 1520 zuwa 1566, ya ci Belgired da Rodos da Bagadaza, shi za a ce ba shi da ra'ayin kansa? Ku tuna mahaifinsa, Salim na Ɗaya, da goyon bayan sojoji ya sauke nasa uban daga sarauta a 1512. Sulaiman yana saurayi abin ya faru. A 1553 ya fara manyanta, ana shirin yaƙi da Farisa, ga raɗe-raɗi a cikin runduna cewa sarki ya gaji, Mustafa ya kamata ya hau. Ko babu mai zuga shi, ya san abin da irin wannan magana take haifarwa. A cikin tantinsa aka shaƙe yaron, da umarninsa. Allah ya kiyashe mu da fitinar mulki.

Ɗan Auta: Amin, Baba. Duk da haka ina nan a kan cewa da Mustafa ya hau, da labarin ya canja.

Malamar Tarihi: Wannan gaibu ne, Auta, bai yi sarautar ba balle mu auna shi. Ga dai abin da ya faru a zahiri. Bayan Hurrem ta rasu, 'ya'yanta biyu, Salim da Bayazid, uwa ɗaya uba ɗaya, suka gwabza yaƙi kusa da Konya a 1559. Bayazid ya sha kashi ya gudu Farisa da 'ya'yansa. Sulaiman ya yi ta aika wa sarkin Farisa, Shah Tahmasb, wasiƙu da dukiya har aka miƙa shi, aka kashe shi tare da 'ya'yansa maza a 1561. Wannan ɗan cikinta ne, kuma tana kabari shekara uku. Wa ya zuga sarki a wannan karon?

Ɗan Auta: Wannan daban, Malama. Bayazid ya ɗaga takobi a fili. Mustafa kiransa aka yi, ya zo gaida mahaifinsa da ƙafarsa, an ma gargaɗe shi kada ya je. Shi ya sa nasa ya fi min ciwo, kuma ban cire hannun Hurrem da Rustum a ciki ba.

Hajiya Babba: Ka riƙe wannan, hujjarka tana da ƙarfi a nan, ni ma mutuwar yaron tana taɓa ni. Amma da ka shigo ba mutuwar Mustafa ka ce ta jawo ba, rushewar daula ka ce. Kawo mana hujjar wannan, muna jira.